Miji yana gidan yari: mace ta jira, ko ta nemi a raba auren?

Maman Ilham, Gusau:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ke ci mini rai, ina son malamai da lauyoyin cikinmu su sa baki, iyayenmu ma su ce wani abu. Wata yarinya ce a unguwarmu, 'ya'yanta uku, mijinta yana tsare an shiga shekara ta uku. Ba a yanke masa hukunci ba, ba a sallame shi ba, kullum sai dai a ce an ɗage zama. Kuɗin haya ya ƙare, ta kwashe yara ta koma gidan ubanta. Dangin miji sun ce in ta kai ƙara a raba auren ta ci amana. Ubanta kuma ya ce ƙarfinsa ya ƙare, ba zai iya ci gaba da ciyar da baki huɗu a kan nasa ba. To wannan matar aure ce ko bazawara? In ta je gaban alƙali, laifi ta yi?

Baba Na-Ƙaura:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Ni dai haƙuri nika ba ta. Miji ba don jin daɗi kawai anka aure shi ba. Lokacin da shina da shi ai tare sunka ci, yanzu da ƙaddara ta faɗa mishi sai a ce ta tahi? Mu da munka tashi, mutum kan tahi fatauci ko aikin hajji ta ƙasa, shi yi shekaru, shi dawo shi iske iyalinshi. Ta yi haƙuri don ɗiyanta.

Hajiya Inno, Talata Mafara:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma wanda ya tafi fatauci a zamaninku ya bar rumbu cike, ya bar matarsa a cikin gandu, ƙannensa na noma ana ɗibar mata hatsi. Wannan yarinyar a ɗakin haya aka bar ta, da buhun da bai kai wata ba. Masu cewa ta ci amana, wa ya kai mata tiyar masara a cikinsu? Ni abin da ke ba ni haushi ke nan. Kowa ya iya cewa a yi haƙuri, amma in an ce a kawo cefane sai ka nemi mutane ka rasa.

Ɗan Tsafe:
Gaskiya matan yanzu ba su da tawakkali. Da kuɗi ne ya tara ya shiga, ai ba za ta ce za ta fita ba.

Maman Ilham, Gusau:
Ɗan'uwa, shekara biyu da rabi tana dafa abinci tana kai masa duk mako, da kuɗin wankau da surfe. Don Allah kar mu yanke mata hukunci ba mu san ta ba.

Malam Abu Zainab:
Bismillah. Bari in faɗi abin da ke cikin fiƙihun Malikiyya, wanda shi kotunan shari'armu ke aiki da shi a harkar aure.

Shiga kurkuku ba ya kashe aure. Ko ɗaurin rai-da-rai aka yi wa mutum, matarsa matarsa ce har sai ya sake ta ko alƙali ya raba. In ta zaɓi ta jira don Allah, tana da lada mai yawa, babu mai ikon tilasta mata fita. Amma jiran nan falala ce, ba farilla ba ce a kanta matuƙar tana cutuwa.

Ƙofar da ta fi kusa da ita ita ce ta rashin ciyarwa. Ci da sha da sutura da wurin kwana wajibi ne a kan miji ko yana tsare. In yana da dukiya a waje, gona ko dabbobi ko bashin da yake bin wani, alƙali zai yanka mata daga ciki, kuma ba za a raba auren da wannan dalilin ba. In ba shi da komai, alƙali zai ba shi jinkiri gwargwadon yadda ya ga ya dace, in wa'adin ya cika babu abin da ya sauya sai ya sake ta a madadinsa. Wannan sakin na kome ne, ma'ana in ya samu halin ciyarwa kafin idda ta cika yana da damar mayar da ita.

Akwai kuma cutuwa saboda rashin miji a kusa, ko da ana ciyar da ita. Malamanmu sun yarda mace ta kai kuka in rashin ya yi tsawo, suna ambaton shekara ɗaya zuwa sama, musamman in tana tsoron faɗawa saɓo. Mace mutum ce, tana da buƙata irin ta kowa, kunya ce kawai ke hana a faɗa. Allah ya ce a Suratul Baƙara aya ta 231 kada a riƙe su don cutarwa, a Suratun Nisa'i aya ta 129 kuma ya hana a bar mace kamar ratayayya. Wannan yarinyar da ake magana a kanta a rataye take.

Sannan ga hul'i, ta mayar da sadaki ko abin da suka daidaita ta fanshi kanta, kamar yadda matar Sabit ɗan Ƙais ta mayar masa da gonarsa a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sai dai ni ba na son a tura irin wannan mata ga hul'i. Wadda ba ta da abin kai wa baki, a ce kuma ta nemo sadaki ta biya, alhali shari'a ta buɗe mata hanyar da ba sai ta biya ko sisi ba.

Baba Na-Ƙaura:
Allah shi gafarta Malam, to danginshi ba a tilasta musu su ciyar da ita?

Malam Abu Zainab:
A'a Baba. A mazhabarmu ciyar da mata a kan miji yake, ciyar da 'ya'ya a kan uba. Ba a ɗora wa wa ko ƙane, ko kaka ma ba a tilasta masa. In sun yi, zumunci ne da kyautatawa, kuma shi ya kamata. Amma wanda bai ciyar ba, ba shi da bakin hana ta neman haƙƙinta.

Barista, Tudun Wada:
Na gode wa Malam. Ni ta ɓangarenmu zan ƙara, don a ganina tushen matsalar ba a ɗakin auren yake ba, a kotu yake.

Wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke, ba a same su da laifi ba tukuna. Ga yadda abin ke faruwa: a kama mutum da zargin babban laifi, kamar fashi ko kisa ko haɗa baki da 'yan bindiga, a kai shi kotun majistare wadda ba ta da hurumin sauraron shari'ar, ita kuma ta tura shi ajiya a gidan yari kafin shawara ta fito daga ma'aikatar shari'a. Daga nan fayil ya kwanta. Wanda aka yanke wa shekara biyar ya san ranar fitarsa, matarsa ma ta sani, za ta iya lissafi ta ce zan iya ko ba zan iya ba. Mai jiran shari'a ba shi da rana. Kullum ana ce mata wata mai zuwa, wata mai zuwa, har ƙuruciyarta ta wuce. Na ga aure da yawa da suka mutu ba don mata sun gaji da mazan ba, sai don babu wanda zai iya gaya musu yaushe.

Doka kuwa ba haka ta ce ba. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma mara laifi ne har sai an tabbatar. Sashe na 35 ya ce a gurfanar da mutum cikin lokacin da ya dace. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ƙayyade umarnin ajiya zuwa kwana 14, in za a sabunta sai an kawo dalili. A 2019 aka sauya wa hukumar gidajen yari suna ta koma ta gyaran hali, aka shigo da hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa al'umma hidima. Duk suna nan a rubuce. Talaka ne ba shi da mai bi masa.

Saboda haka Maman Ilham, kafin maganar saki ko tare da ita, a nemi wanda zai bi fayil ɗin mijin. Hukumar ba da tallafin shari'a ta tarayya tana da ofis a jihohi, kyauta suke tsaya wa marasa ƙarfi. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ma tana sauraron irin wannan. Babban Jojin jiha kuma yakan zagaya gidajen yari ya sallami waɗanda suka daɗe ba bisa ƙa'ida ba, ana iya rubuta takarda a sa sunansa a gabansa.

Daga shugabar zaure (wata 'yar'uwa ta turo, ta ce a ɓoye sunanta):
Ni abin ya faru da ni, shi ya sa na kasa yin shiru. Maigidana an yanke masa shekara bakwai. Shekarar farko ban yi tunanin fita ba ko sau ɗaya. Ina saida ƙuli da man gyaɗa, in tara in yi masa yaji da garin kwaki da sabulu in kai. Abin da mutane ba su sani ba, matar ɗaurarre ita ma ciyar da shi take yi, ga kuɗin mota, ga hanyar da kowa ya san halin da take ciki, ka fita ba ka da tabbacin dawowa.

Ba yunwa ce ta fi ƙona ni ba, bakin mutane ne. In na yi kwalliya na je suna, a ce mijinta na ɗaure tana ado, wa take wa? In na zauna a gida, a ce ta san abin da ya aikata shi ya sa take ɓuya. Yarana a makarantar allo ana kiransu 'ya'yan ɓarawo. Wani daga cikin abokansa da ke kawo mana taimako, daga baya ya fito da abin da ke ransa. Ranar na yi kuka kamar raina zai fita, don na gane in na ci gaba a haka ko dai in lalace ko in haukace.

Na je na same shi na gaya masa komai, ban ɓoye ba. Ya yi shiru, ya ce in dawo wani mako. Da na koma ya miƙo mini takarda, saki ɗaya, ya ce ya yafe mini in yafe masa. Wallahi har yau ina ganin girmansa saboda wannan. Na yi wani auren, amma ban hana yaransa zuwa gaishe shi ba, kuma sabon mijina bai hana ba. Masu cewa cin amana ne, Allah kada ya jarrabe ku da abin da ya jarrabe ni.

Hajiya Inno, Talata Mafara:
Allah sarki 'yar nan. Allah ya saka miki, ya ba shi mafita. Namiji ke nan.

Ɗan Tsafe:
Allah ya ba ki haƙuri Yaya. Amma ku duba shi ma. Mutum yana cikin ƙunci, abin da ya rage masa a duniya iyalinsa ne, sai a zo a karɓe. Wani wannan ne zai ƙarasa shi.

Mai Shayi, Gummi:
Ɗan Tsafe, ni na zauna a ciki, bari in gaya maka. Gaskiya ka faɗa, babu abin da ɗaurarre ke tsoro kamar a kira shi a ce ga sammaci daga kotun aure. Na ga ƙato ya daina cin abinci a kan haka. Ranar ziyara kowa kunnensa na bakin ƙofa, wanda ba a kira ba sai ya juya fuska bango. Ziyarar ma 'yan mintuna ce, gandiroba na tsaye, ba ka da sirri da matarka. Yaranka su zo su tsaya suna kallonka kamar baƙo.

Amma na ga wani abu kuma. Akwai waɗanda suka san sun yi nisa, shekara ashirin ko hukuncin kisa, suka rantse ba za su saki ba, wai in ba su ba sai dai ta tsufa a haka. Wannan ba so ba ne, mugunta ce, kuma mukan gaya musu a ciki.

Tawa ta jira ni, Allah ya biya ta. Sai dai ku sani fitowa ba ita ce ƙarshen wahala ba. Na dawo na tarar ita ke riƙe da gida, ita ke biyan kuɗin makaranta, yara in suna son abu wurinta suke zuwa. Ni kuma ba jari, wanda na saba karɓar kaya bashi a wurinsa ya ce sai da kuɗi hannu. Zuciyata ta yi zafi, abu kaɗan sai faɗa, dare ba barci. Saura ƙiris mu rabu bayan duk jiran da ta yi. Wani kawuna ne ya zaunar da mu, ya haɗa mini tebur da butar shayi. Auren da yawa ba a ciki suke mutuwa ba, sai an fito. Mutum ya dawo ba sana'a, unguwa na nuna shi da baki, ko neman auren 'yarsa aka zo sai wani ya je ya tsegunta.

Baba Gandiroba mai ritaya:
Duk kuna maganar maza. Ni na yi aikin nan har na gama, bari in tuna muku ɗaya gefen. Mata a gidan yari kaɗan ne, ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Ranar ziyara layin ɓangaren maza cike yake da mata da kwanonin abinci da goyo. Ɓangaren mata kuwa uwa za ka gani, ko ƙanwa. Miji da wuya. Sau da yawa takardar saki ce ke riga shi zuwa, wani lokaci tun ba a fara shari'ar ba. Wata da jariri take shigowa, wata a ciki take haihuwa, uban ko ragon suna. Ban taɓa jin an ce wa namiji ya ci amana don ya saki matarsa da ke ɗaure ba, ko don ya ƙara aure kafin wata ya zagayo. To me ya sa awon ya bambanta?

Baba Na-Ƙaura:
Wagga magana taka ta shige ni. Ni dai ban ce a zalunci kowa ba. Tsorona ɗiya, in uwa ta yi wani aure wa ka riƙon su?

Malam Abu Zainab:
Tambaya mai kyau Baba. Reno haƙƙin uwa ne bayan rabuwa, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta auri wanda ba muharramin yaran ba, renon ya koma ga kakarsu ta wajen uwa, sannan innarsu 'yar'uwar uwa, kafin a zo dangin uba. Al'adar da ake yi ta a zo a ƙwace yara ranar da aka raba aure, don a huce haushi, ba shari'a ba ce.

Kuma in ja kunne a kan kuskuren da na sha ji. Wasu na cewa tunda ya shekara biyu ba ya gida, ba sai ta yi idda ba. Ba haka ba ne. Idda daga ranar saki take farawa, tsarki uku ga mai haila, ko da ya shekara goma bai kusance ta ba. Mafi muni kuma shi ne a ɗaura mata wani aure ba tare da saki ko hukuncin alƙali ba, wai ai an yanke masa rai-da-rai. Wannan aure a kan aure ne, ɓatacce ne.

Yaya Asabe, Anka:
Malam, to waɗanda aka ɗauke mazansu aka shiga daji da su fa, ba labari? Mu nan wannan ya fi yawa.

Malam Abu Zainab:
Wannan babi ne daban, na wanda ya ɓace. Hukuncin da aka sani shi ne ta kai magana gaban alƙali, a bincika, in ba a samu labari ba a yanka mata shekara huɗu daga nan, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Amma wannan jiran in akwai dukiyarsa da ake ciyar da ita ne. In babu, ƙofar rashin ciyarwa a buɗe take gare ta ita ma, ba sai ta kai shekara huɗu ba. Ɗaurarre kuwa an san inda yake, ana iya kai masa saƙon kotu ya ba da amsa, don haka ba a auna shi da ɓatacce.

Malama Rahila, 'yar Zuru mazauniyar Gusau:
Mu da muka yi auren rajista fa, Barista? Akwai wata a cocinmu da ke cikin wannan hali.

Barista, Tudun Wada:
Naku yana ƙarƙashin dokar rabuwar aure ta 1970, kuma Babbar Kotun jiha ce ke saurare. Daga cikin dalilan raba aure da dokar ta lissafa akwai wanda ya shekara uku ko fiye a kurkuku bayan an same shi da laifin da hukuncinsa kisa ne, ko rai-da-rai, ko shekara biyar zuwa sama, kuma yana ciki har ranar da aka shigar da ƙarar. Ki lura, sai an yanke hukunci. Mai jiran shari'a bai shiga wannan ba, sai dai a bi ta wani dalilin.

Abin sha'awa, Masar ma tun 1929 ta rubuta a dokarta cewa matar wanda aka yanke wa shekara uku ko fiye tana iya neman rabuwa bayan ya shekara ɗaya a ciki, kuma daga fiƙihun Malikiyya suka ɗauko tushen. Saudiyya kuma tana ba ɗaurarre damar keɓewa da matarsa a wani ɗaki na musamman. Mu nan ba a yin haka. Zamfara ce ta fara ƙaddamar da shari'a a 1999, ina ganin da mun zauna mun duba waɗannan biyun, da an rage ɓarna mai yawa.

Hajiya Inno, Talata Mafara:
Ni kuma ina kira ga masallatan unguwa da Hukumar Zakka da Waƙafi. Ana tara wa marayu da zawarawa, amma iyalin ɗaurarre ba sa cikin lissafin kowa, don ana ganin kamar taimaka musu goyon bayan laifi ne. Yaro ɗan shekara huɗu me ya sata? Wasu ma tara ce ko bashi kaɗan ya riƙe su a ciki, kuɗin da mutum biyar za su iya haɗawa bayan sallar Juma'a. Da ana kai wa irin wannan yarinya abinci duk wata, wataƙila da maganar kotu ba ta taso ba, in kuma ta taso to mun san ba yunwa ce ta kore ta ba.

Maman Ilham, Gusau:
Na gode ƙwarai. Barista, in za a bi fayil ɗin me za a kawo? In kuma ta zaɓi zuwa kotun shari'a fa?

Barista, Tudun Wada:
Na mijin: lambar ƙara, sunan kotun da ta tura shi ajiya, ranar da aka kai shi, da ofishin 'yan sandan da ya yi binciken. In ba su da lambar, ofishin rajista na gidan yarin yana da takardar umarnin da aka kawo shi da ita. Nata kuma: ta je da waliyyinta kotun shari'ar da ke yankinsu, da shaidu biyu da suka san auren kuma suka san ba a ciyar da ita, su faɗi tun yaushe. Kotu za ta aika wa mijin ta hannun hukumar gidan. Shawarata a fara aika dattijo ɗaya daga kowane ɓangare su same shi su yi magana, kada sammaci ya zama shi ne farkon abin da zai ji. Ki turo mini lambar ƙarar ta akwatin sirri, zan duba ranar Litinin in Allah ya kai mu.